Lesin ɗin Malamin lissafi na garinmu: a kai yaro ko asarar kuɗi ne?

Mutane da yawa in sun tsaya a shago sai sun tambaye ni wai lesin ɗin yamman nan da nake tura 'yata da ɗan yayana yana da amfani kuwa ko dai kuɗi ake zubarwa, to gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaici. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Taura ba nisa da Gujungu, ni kuma taki da iri da maganin feshi nake sayarwa, ba malami bane, don haka abin da na gani da idona da abin da yaran suke dawowa dashi gida shi zan faɗa. Sunan malamin ba zan sa ba tunda bai ce in sa ba, 'yan yankin ai sun san shi.

Amsata dai ita ce a kai yaro. Amma ina da ƙorafi kuma ba ɗaya ba, zan zo kansu.

Ana yi ne a wani ajin firamare da ya ara, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, Alhamis da Juma'a hutu. Ran Lahadi kuwa suna ne kawai ana yi, don rabin mazan suna Gujungu suna dako ko taya iyayensu ciniki. Kuɗin wata-wata ake biya kuma ba tsada, duk mai iya sa wa wayarsa data zai iya, marayu kuma na san baya karɓar ko sisi a hannunsu, baya ma son a faɗa. Baya duka, wanda shi kaɗai ya isa yasa 'yata take ɗaukar jaka ta tafi ba sai an kora ta ba. Lissafi ne babban abin da yake koyarwa, 'yan SS1 zuwa SS3 masu shirin WAEC da NECO da JAMB, sai ɗan fiziks da kemistiri sama-sama.

Abin da yasa ma na zauna nake wannan dogon rubutun sashe guda ne. A manhajar lissafin WAEC akwai wani ɗan babi na tunani da kafa hujja, wato mantiƙi, inda ake zuwa da p da q da 'yar kibiya a tsakaninsu. Yawancin malamai ko dai su tsallake shi ko su rubuta shi a rana ɗaya suce a haddace, tunda tambayarsa bata da yawa a jarabawa. Shi kuwa Malam makonni yake kwashewa a kansa, kuma in ya shiga wajen sai kaga kamar ba shi ba, har muryarsa canzawa take. Ranar da na je ɗauko 'yata da wuri saboda hadari na tsaya a bakin taga, sai hadarin ya watse ni kuma ban tafi ba.

Jimla ɗaya ya rubuta a allo: idan an yi ruwa, to ƙasa ta jiƙe. Rabin farko yana ce masa muƙaddam, na biyun tali, irin yadda malaman zaure suke faɗa. Yace to mun yarda da wannan magana, yanzu ga mutum ya shigo yace an yi ruwa, me zaku ce? Aji ya ɗauka gaba ɗaya, ƙasa ta jiƙe. Yace madalla. Wani kuma ya shigo yace ni yanzu na tako ƙasa a bushe ƙamas, shi fa? Suka ɗan yi jim sannan suka ce ashe ba a yi ruwa ba kenan. Yace waɗannan biyun su ne hanyoyi masu inganci, ka tabbatar da na gaba sai na baya ya tabbata, ko ka kore na baya sai na gaba ya koru, ko shekara zaku yi kuna neman inda zasu bada ku ba zaku samu ba, su ne littafi yake kira modus fonens da modus tolens, ku riƙe sunan saboda jarabawa amma ba sunan ne ya dame ni ba.

Sai na uku ya shigo yace ƙasa ta jiƙe sharkaf. Kai jama'a, aji ya ɗauka da ƙarfi har da buga benci: an yi ruwa! Malam bai ce komai ba, ya ajiye alli yana kallonsu har suka fara tsarguwa, sannan ya kira wani yaro da babansa ke tura kurar ruwa yace kai, ranar da kurarku ta kife a ƙofar masallaci ƙasa ta jiƙe ko bata jiƙe ba? Yaro yace ta jiƙe Malam. Yace hadari ka gani a ranar? Aji ya kwashe da dariya, yaron ma yana yi. Na huɗun kuma, wato ba a yi ruwa ba saboda haka ƙasa bata jiƙe ba, ko baki bai sa ba 'ya'yan masu noman rani suka rushe shi da kansu, don a watan Fabrairu ko ɗigo baya saukowa daga sama amma kaje fadama kaga fangali cike da ruwa inji yana ta ƙara.

Daga nan ya basu abin da nake ganin shi ne ainihin ribar lesin ɗin. Yace duk hujjar da aka kawo maka, kar ka tsaya kana duba ko sakamakon ya yi maka daɗi ko ya yi kama da gaskiya, ka nemo hali guda ɗaya tak wanda duk abin da aka shimfiɗa a farko gaskiya ne amma sakamakon ya zama ƙarya. In ka samo ko da kurar ruwa ɗaya ce to hujjar ta rushe, ko da a ranar an yi ruwan da gaske.

Abin har shago ya biyo ni. 'Yata takan zauna min ran Asabar da safe, sai wani dattijo yazo yace ganyen masararsa ya yi rawaya a bashi yuriya. Bata ce komai ba a gabansa, tarbiyya ai, sai ta matso ta raɗa min a kunne, Baba wannan fa hanya ta uku ce. Kuma gaskiyarta. Masara in ta rasa sinadarin naitirojin ganyenta yana yin rawaya, wannan ba musu, yuriya kuma kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne shi yasa ake gudu wajenta. Amma rawayar ganye ba shi kaɗai ke kawo ta ba, ruwa in ya kwanta a gona saiwa ta kasa numfashi ganye zai yi rawaya, ƙuduji in ya kama saiwa masara zata tsumbure ta kwantsare, akwai kuma cutar da ke yi wa ganye zane-zane a tsaye. Ta rashin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya tana shigowa, na sama suna nan da ɗan korensu. Da na tambayi dattijon ashe gonar tasa a kwari take kuma an kwana biyu ana tafka ruwa, nace Baba je ka fara buɗe wa ruwan nan hanya tukuna, in ka zuba yuriya yanzu ruwa ne zai wanke maka kuɗinka. Mu masu shago mun san wannan tun da can, wasu ne dai basa faɗa saboda ciniki, amma yarinya 'yar SS2 ta gane shi daga tsarin maganar kawai ba tare da ta san komai a kan taki ba, wallahi ya burge ni.

Haka ɗan yayana ya ishe mu da maganar zazzaɓi a gida. Duk wanda jikinsa ya yi zafi yace maleriya ce a aika kemis, sai yace wa ya gwada ka? Kuma ba laifinsa, taifod tana kawo zazzaɓi, ciwon haƙarƙari yana kawowa, ƙyanda ma haka, shi yasa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya tace a riƙa gwaji kafin a bada maganin maleriya, ɗan tsinken nan ne da ake ɗiga jini cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna.

Akwai wasan kati da Malam yake yi musu wanda shi yaran suka fi bada labari. Kwalin taliya ya yayyanka gida huɗu, kowanne fuska ɗaya harafi ɗaya fuskar lamba, ya jera su a kan tebur ana ganin A, K, 4 da 7. Yace ga doka: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to lambar bayansa cika ce ba mara ba. Waɗanne katuna ne dole sai an juya su kafin a san ko an karya dokar? Kusan kowa A da 4 yake cewa. Amsar kuwa A da 7 ce, don 4 ko me ke bayansa bai karya komai ba, dokar bata ce baƙi ba zai iya zama da cika ba, amma 7 in aka juya aka ga wasali shikenan doka ta karye. Wato juya 4 ɗin nan ita ce hanya ta uku ta sake shigowa da wata riga, ƙin juya 7 kuma mantawa ne da hanya ta biyu. Malam ya faɗa musu kar wanda ya ji kunya, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila mai suna Peter Wason ne ya fito da gwajin a 1966, kuma ko a cikin ɗaliban jami'a kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake ci.

Sai ya share katunan ya canza musu tambaya. Yace ku ne malaman zaɓe, doka tace idan mutum ya jefa ƙuri'a to ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu, ɗaya ya jefa, ɗaya bai jefa ba, ɗaya shekararsa 40, ɗaya 15, wa zaku bincika? Kafin ya rufe baki aji yace wanda ya jefa da ɗan 15 ɗin, ba wanda ya ko kalli ɗan 40. Yace to ai tambayar ɗazu ce, ɗan 40 shi ne 4, ɗan 15 shi ne 7. Irin wannan ma an gwada shi a Amurka a 1982 da dokar shekarun shan giya, mafi yawan mutane suka ci. Ma'ana kanmu ya iya abin sarai in ana maganar kama mai ha'inci, sai an mayar dashi harafi da lamba yake ruɗewa. Wani yaro daga baya yace Malam ai a zaɓen garin nan ɗan 15 ɗin ma ba a bincikarsa, Malam yace kai zauna, ba wannan darasin muke ba.

Wani abin da na yaba masa shi ne yana raba tsakanin tsarin hujja ya inganta da kuma maganar farkon ta zama gaskiya, don abu biyu ne daban. Misalinsa: idan mujiya ta yi kuka a kan ɗaki to za a yi mutuwa a gidan, mujiya ta yi kuka, saboda haka za a yi mutuwa. Tsarin nan ba abin da ya same shi, hanya ta ɗaya ce tsaf, amma jimlar farkon camfi ce, don haka sakamakon bai hau kan kowa ba. Yace dole ku duba biyun, tsari da kuma abin da aka zuba a cikinsa.

To ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba a gari. An samu iyayen da suka ce yara sun koyi gardama, wani ma cewa yayi ilimin Turawa ne da ke lalata imani zai cire ɗansa. Nan ne Malam ya nuna ba boko kaɗai ya yi ba. Yace eh Girkawa ne suka fara tsara shi sama da shekara 2000 da suka wuce, su Aristo da waɗanda suka biyo bayansa, amma malaman Musulunci sun ɗauke shi sun yi aiki dashi tun da daɗewa, Farabi da Ibn Sina sun yi rubutu a kai, Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya yi littafi a kansa, Akhdari mutumin Aljeriya ya waƙe shi a ƙarni na 16 cikin littafinsa Sullam wanda har yau ana karanta shi a zaurukan ƙasar nan, kuma waɗannan hanyoyi huɗun suna ciki, biyu suna haifar da sakamako biyu basa haifarwa. Shi kansa Shehu Magili da yazo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi rubutu a mantiƙi, har musayar baitoci suka yi da Imam Suyuɗi wanda shi yake ganin bai halatta ba. Bai ɓoye cewa akwai malaman da suka hana ba, ya faɗa, yace saɓani ne tsoho kowa da malaminsa. Mutumin dai bai cire ɗan nasa ba. Maganar gardama kuwa akwai ƙamshin gaskiya, ɗan yayana sai da na zaunar dashi nace ko hujjar kakarka ta hanya ta uku ce ba a gaban mutane zaka faɗa mata ba.

Yanzu ƙorafi. Babban wanda nake dashi a kan wannan darasin ne da na gama yabo. Yadda Malam yake dukan hanya ta uku, yaran sun fito da tunanin cewa duk wanda ya tashi daga alama ya nufi dalili wawa ne, alhali duk mai sana'a da haka yake farawa. Ka kai waya wajen mai gyara kace ta ƙi kunnuwa, abin da zai fara zargi batir ne, kuma daidai ne ya fara da nan tunda shi ya fi yawan kawo matsalar. Bambancin mai gyaran kirki da ɗan cuwa-cuwa shi ne na kirki zai sa mita ya auna ko ya ɗora wani batir ya gani, in har da sabon batir ɗin ma bata kunnu ba sai yace ba batir bane ya koma duba bakin caji ko fanel, kaga ya dawo hanya ta biyu kenan ya kore zarginsa. Ɗan cuwa-cuwa kuwa daga ta ƙi kunnuwa sai kawo kuɗin batir. Ma'aikacin asibiti ma haka yake yi, makanike haka, ni ma da ganyen masara haka. Zato ne mai amfani, laifin a ɗauke shi a matsayin yaƙini a tsaya a nan. Na faɗa wa Malam wannan bayan an tashi, yace Alhaji gaskiya ne amma a jarabawa inganci kawai ake tambaya, nace to Malam ai kai ne kace ba jarabawar ce ta dame ka ba. Dariya yayi yace zai ƙara. Har yanzu dai ban ji yaran sun zo da labarin ya ƙara ba.

Na biyu teburin gaskiya da ƙarya, wajen nan da ake jera T da F. Gudu yake a kansa. Yakan ce uba yace wa ɗansa idan ka ci jarabawa zan saya maka keke, to a hali ɗaya ne kawai uban ya karya alƙawari, yaro ya ci ba a sayi keke ba, in ya faɗi aka saya masa ba a karya komai ba. A lissafi haka ne. Amma yara sun ƙi yarda kuma ni banga laifinsu ba, don duk uban da ya faɗi haka a gidan Bahaushe abin da yake nufi sai in ka ci, in ka faɗi ko ƙararrawar keke ba zaka gani ba. Wannan wata jimla ce daban mai aiki gaba da baya, kamar kace idan yau Lahadi ce Gujungu tana ci, kuma in Gujungu tana ci to yau Lahadi ce, a littafin ma kibiya mai kai biyu ake yi mata. Da zai tsaya ya ware musu waɗannan biyun da kyau da an huta, amma sai yace ku dai riƙe a haka, wanda shi ne ainihin abin da yake zagin wasu malaman dashi.

Sai Turanci. Da Hausa yake bayani shi yasa suke ganewa, amma jarabawa ba da Hausa take zuwa ba, kuma baya basu tsofaffin tambayoyi isassu su saba da yadda ake juya maganar. 'Yata ta iya abin a baki, ta buɗe takardar bara ta tsaya tana kallo. Takardun da yake rabawa kuma hoton ya dushe wasu layukan sai an yi canke.

Ajin ya cika fiye da kima, 'yan SS1 da SS3 a haɗe, benci ɗaya mutum biyar, mata a can baya inda rubutunsa ƙanana baya kaiwa, allon kuma ya koɗe yana son a shafa masa baƙi. Ba wuta, in hadari ya haɗo ko lokacin hunturu da rana ke saurin faɗuwa fitilar sola ɗaya ce ake ratayawa a ƙusa. Yakan makara in mashin ɗinsa ya bashi matsala tunda daga wani gari yake zuwa. Fiziks da kemistiri kuwa gaskiya kar wanda ya kai ɗansa saboda su, karanto littafi kawai yake ba kayan gwaji ko ɗaya, in su kake nema ka nemi wani wajen a Ringim.

Wanda ɗansa zai tafi jami'a, Dutse ko Kafin Hausa ko BUK, ya sani akwai kwas ɗin falsafa da mantiƙi a cikin darussan GST da ake yi wa kowa, to wanda ya zauna a ajin nan ba zai je can baƙo ba. Malam yana ɗaukar sababbi ne satin farko bayan an dawo hutu, a je da littafi mai kauri da biro, in kuma yarinya ce uban ya je da kansa ya roƙa a sa ta a bencin gaba, yana yarda in an yi masa magana.